Kunne da Ido: Yadda Ɗaliban Ƙasar Sin Ke Shirya wa Turancin Jarrabawar Gaokao

 

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai maza da mata, iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan, barkanmu da war haka.  

Maudu'in da zan yi magana a kai shi ne yadda ɗaliban ƙasar Sin suke horar da kunnensu da idonsu a kan harshen Turanci domin jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira Gaokao. Na san wani zai ce a ransa, Malam, ina ruwan biri da gada? Ga dalili. A ƙasar Sin ba a Turanci a kasuwa, ba a yin sa a kotu ko a ofis, ba kuma da shi ake koyar da lissafi da kimiyya a makarantun gwamnati ba. Duk abin da yaro ya iya na Turanci, da gangan aka dasa masa shi, ta hanyar atisayen da aka tsara. Wanda yake son ya ga abin da atisaye ke iya yi, da inda ƙarfinsa ke ƙarewa, to ya leƙa can.

Abin da nake son mu tashi da shi a yau guda ɗaya ne: atisaye iri biyu ne. Akwai wanda ke gina ƙwarewa a harshe, akwai wanda ke koya wa yaro hali da ɗabi'ar takardar jarrabawa. Duka biyun ana bukata, amma duk ranar da na biyu ya danne na farko, an yi asara ko da maki ya yi kyau. Zan bi wannan magana ta fuskoki bakwai.

Na farko: nauyin jarrabawar

An fara wannan jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya a 1952. An dakatar da ita a 1966 lokacin juyin juya halin al'adu, sai a 1977 ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙasar, Deng Xiaoping, ya sa aka dawo da ita. A wannan shekarar mutum kusan miliyan 5.7 suka zauna, waɗanda aka ɗauka ba su kai dubu 300 ba. A 2024 kuwa, mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajista. Tun 2003 aka saba fara ta ranar 7 ga watan Yuni.

A mafi yawan larduna jimillar maki 750 ne. Darussa uku ne ginshiƙai: Sinanci, lissafi, da harshen waje, kowanne da maki 150. Ɗalibi yana iya zaɓar Rashanci, Japananci, Faransanci, Jamusanci ko Sifaniyanci, amma mafi rinjaye Turanci suke ɗauka. Kun ga ke nan kashi ɗaya cikin biyar na makomar yaro yana rataye ne a kan harshen da wataƙila bai taɓa jin an yi shi a unguwarsu ba.

Bayan an fitar da sakamako, larduna kan wallafa jadawalin da ke nuna mutum nawa ne suka tsaya a kan kowane maki. A lardi mai yawan jama'a kamar Henan ko Shandong, maki ɗaya tak yana iya sa ɗaruruwan mutane su sha gabanka. Ku riƙe wannan, domin tambaya ɗaya a sashen sauraro maki ɗaya da rabi ce.

Na biyu: fasalin takardar

Ana rubuta Turanci ranar 8 ga Yuni, daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma. A sabon tsarin da yawancin larduna suka koma, an raba makin kamar haka: sauraro 30, karatu da auna fahimta 50, cike gurbi da nahawu 30, rubutu 40.

Mu ɗan tsaya mu yi lissafi tare. Sauraro da karatu kaɗai sun kwashe 80 cikin 150. Cike gurbi kuma fa? Ai labari ake ba ka a cire kalmomi. Wanda bai fahimci labarin ba, da me zai cike? Sai rubutu. Kashi biyu ne. Na ɗaya gajeriyar wasiƙa ce ko sanarwa mai maki 15, inda aka saba ce wa ɗalibi ya ɗauka shi ne wani yaro mai suna Li Hua, sunan da duk wanda ya yi sakandare a Sin ya sani. Na biyu, mai maki 25, shi ne a ba ka labari a yanke shi a tsakiya, a ba ka jimlar farko ta sakin layi biyu, a ce ka ƙarasa da kalmomi wajen 150. Lardin Zhejiang ne ya fara wannan salo a 2016, daga baya ya bazu. Wanda bai karanta labarin da kyau ba, bai gane halin mutanen ciki ba, ba zai iya ƙarasa shi ba ko da ya haddace ƙamus. Saboda haka in ka cire wasiƙar nan, kusan duk takardar kunne ce da ido.

Na uku: horar da kunne

A tsarin da aka saba tsawon shekaru, sashen sauraro tambayoyi 20 ne, kowace da zaɓi uku, cikin kimanin minti 20. Biyar ɗin farko gajerun hirarraki ne da ake sakawa sau ɗaya kacal. Sauran sha biyar ɗin suna kan hirarraki ko jawabai masu ɗan tsawo da ake maimaitawa sau biyu. Ana ba da 'yan daƙiƙu a karanta tambaya kafin murya ta fara, in an gama kuma a ba da minti biyu a kwashe amsa zuwa takardar amsa. Akwai ma wata tambayar misali da aka daɗe ana buɗe sashen da ita, a kan farashin wata riga, fam 9 da kwabo 15. Ta shahara har manya da suka daɗe da gama makaranta suna tuna ta.

Saboda minti ashirin ɗin nan, gari kan yi tsit. Ana hana direbobi danna oda kusa da cibiyoyin jarrabawa, ana karkatar da motoci, ana dakatar da aikin gini. Ana rufe ƙofa minti 15 kafin a fara. Wanda ya makara ba ya shiga. Ina tambayarku, 'yan uwa malamai, al'ummar da ta yarda ta tsayar da harkokinta domin yaro ya ji murya daga lasifika, za ta yi wasa da koyar da sauraro a aji?

To me ke ba yaron wahala? Abu uku. Na ɗaya, tsarin sautin harshensa. A daidaitaccen Sinanci, gaɓa kan ƙare ne da wasali ko sautin hanci, kuma baƙaƙe ba sa cunkushewa wuri ɗaya kamar yadda suke yi a Turanci. Sai yaro ya riƙa cusa wasali a tsakani in yana furtawa. Mu ma mun san wannan, domin haka muka samo burodi da asibiti. Matsalar ita ce, kalmar da ka adana a kai da furucin da ba daidai ba, in mai harshen ya faɗe ta ba za ka gane ta ba, alhali ka san ta a rubuce. Na biyu, Bature ba ya furta kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Yana haɗe su, yana haɗiye wasu sautuka, yana danna wasu gaɓoɓi. Bambancin sha uku da talatin a Turanci ɗan ƙanƙane ne a kunne, kuma masu tsara tambaya sun san haka. Na uku, tarko. Sau da yawa duk zaɓi ukun sai ka ji an ambace su a hirar. Mace ta ce a haɗu ƙarfe bakwai, namiji ya ce yana da aiki, a mayar bakwai da rabi, sannan a ce a ƙara rabin awa. Wanda yake farautar kalma ɗaya zai faɗa rami. Wani lokaci ma amsar ba a faɗe ta ba sam: ana tambayar ina ake hirar, ko mene ne tsakanin masu maganar, ko me ɗayansu zai yi nan gaba.

Malaman Sin sun raba maganin gida biyu: sauraron ƙwaƙƙwafi da sauraron yalwa. A na ƙwaƙƙwafi, ana ɗaukar ɗan gajeren faifai, na minti ɗaya ko biyu. A saurara sau ɗaya don a gane inda maganar ta dosa. A dawo a yi shifta jimla bayan jimla. A buɗe rubutaccen matanin a gwada, a ja layi a duk inda kunne ya kuskure, a tambayi kai: kalmar ce ban sani ba, ko na san ta amma ban gane furucinta ba? Daga nan a saka faifan a riƙa bin mai maganar da baki, ana kwaikwayon saurinsa da hawa da saukar muryarsa. Wannan aiki yana da gajiyarwa, amma shi ke buɗe kunne. Sauraron yalwa kuwa shi ne yaro ya saurari abu mai sauƙi da yawa ba tare da tsayawa ba: labarai, waƙoƙi, fina-finai. Wannan al'ada ta daɗe a can. A farkon shekarun 1980 miliyoyin Sinawa sun bi shirin Follow Me na BBC a talabijin, wasu kuma suka riƙa kama shirin Muryar Amurka na Turanci mai sauƙi, wanda ake karantawa a hankali da kalmomi kimanin 1,500.

Manhajar sakandare da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2017 ta sa ma'auni: aƙalla minti 30 a mako na kallo da sauraro a wajen aji a matakin farko, minti 40 a mataki na gaba. Kaɗan ne, ko ba haka ba? Sirrin yana cikin ɗorewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu: horar da ido

Sashen karatu matani huɗu ne da tambayoyi 15, sai matani na biyar da aka zare masa jimloli biyar, aka ba ka bakwai ka zaɓi waɗanda suka dace ka mayar da kowace gurbinta. Matanin farko yawanci sanarwa ce ko talla, inda ake neman ka tsinto bayani da sauri. Na biyu galibi labarin wani mutum ne. Na uku da na huɗu su ne masu tsauri: bayanin wani bincike na kimiyya, ko muhawara kan wani al'amarin zamantakewa, sau da yawa an gyaro su ne daga jaridu da mujallun ƙasashen waje. Tambayoyin kuma iri huɗu ne: neman bayani kai tsaye, hasashen abin da marubuci ke nufi, gano jigo ko take, da cankar ma'anar kalma daga abin da ke kewaye da ita.

Babban abokin gaba a nan lokaci ne. In ka cire na sauraro, ka ware na rubutu, abin da ya rage wa kowane matani bai wuce minti bakwai zuwa takwas ba. Yaron da ke fassara kowace jimla zuwa Sinanci a ransa kafin ya gane ta, lokaci zai ƙare masa yana tsakiyar hanya.

Ɗalibai kan haddace jerin kalmomi wajen 3,500. Haddar tana da amfani, ban raina ta ba. Masani Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin matani kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba tare da taimako ba. Ma'ana, a cikin kalma hamsin, ɗaya ce kawai baƙuwa. Wannan ya koya mana abu biyu: dole a tara kalmomi, kuma dole a ba yaro littafin da ya yi daidai da matsayinsa. Shi ya sa ƙananan littattafan labarai da aka sauƙaƙa mataki-mataki, irin jerin Bookworms na Oxford, suka karɓu a Sin, tare da jaridun ɗalibai kamar 21st Century da kamfanin China Daily ke bugawa. Manhajar 2017 ta ce a karanta aƙalla kalmomi 1,500 a mako a wajen aji, daga baya a kai 2,500. In kun raba, kalma ɗari biyu da 'yan kai ne a rana, daga baya wajen ɗari uku da hamsin. Shafi ɗaya ke nan. Wane yaro ne a zauren nan zai ce shafi ɗaya a rana ya fi ƙarfinsa?

Ga wasu ɗabi'u uku da suka cancanci a ambata. Ta ɗaya, warware doguwar jimla: a ɗauki jimla mai rassa, a nemo mai aiki da aikatau, a ware sauran a gefe. Ta biyu, littafin kurakurai: duk tambayar da ɗalibi ya faɗi, ya kwafe ta, ya rubuta dalilin faɗuwar, ya riƙa komawa kanta. Ta uku, karatun safe. Kafin a fara darasi, aji gaba ɗaya kan ɗaga murya ana karanta matani, yau Sinanci gobe Turanci. Duk wanda ya taɓa wucewa ta tsangaya da asuba ya ji almajirai suna tilawa, ya san irin wannan amo, ya kuma san abin da maimaici da murya ke yi wa ƙwaƙwalwa. Da yawa sun haddace darussan New Concept English, littafin da L. G. Alexander ya wallafa a 1967, ta wannan hanya.

Na biyar: tekun tambayoyi

Yanzu mu juya ɗaya fuskar. Sinawa da kansu suna da suna ga salon da ake dulmiyar da yaro cikin takardun gwaji dare da rana. Tekun tambayoyi suke ce masa. Akwai wani mashahurin littafin bita da sunansa kaɗai ya isa bayani: shekara biyar na tambayoyin Gaokao, shekara uku na tambayoyin gwaji. Makarantu irin su Hengshui a lardin Hebei da Maotanchang a lardin Anhui sun yi suna wajen tsara ranar ɗalibi tun daga asuba har dare.

Shin wannan salo yana kawo maki? Yana kawowa, kada mu yaudari kanmu. Yaron da ya san fasalin takarda, ya saba da agogo, ya gane irin tarkon da ake ɗanawa, ya fi wanda bai sani ba. Amma takardar gwaji aunawa take yi. Tana gaya maka inda kake, ba ta ƙara maka kalma, ba ta gyara maka kunne, sai in ka zauna ka bi kurakuranka. Yaron da ya yi takarda ɗari bai waiwayi ko ɗaya ba, kuskure ɗaya ya maimaita sau ɗari.

Sakamakon haka shi ne abin da suke kira Turancin bebe: mutum ya ci jarrabawa da maki mai yawa, baƙo ya tambaye shi hanyar tasha ya kasa buɗe baki. Ƙorafin ya yi ƙarfi har a shekarun 1990 wani malami, Li Yang, ya tara dubban mutane a filaye yana sa su kwarma jimlolin Turanci da ƙarfi don su kori kunya. Ga kuma gajiya, da ƙarancin barci, da damuwar da ke addabar yara. Wannan bai kamata wani mai hankali ya kwaikwaya ba. Ra'ayina shi ne, a shekara biyun farko na babbar sakandare a ba gina ƙwarewa kaso mafi tsoka, sai a shekarar ƙarshe a shigo da takardun baya a riƙa yi da agogo.

Na shida: abin da aka auna shi ake koyarwa

Wannan fuska ita ce ta fi damuna. Shekaru da dama wasu larduna, ciki har da Henan, sun riƙa yin sashen sauraro ba tare da haɗa makinsa a jimilla ba. Hujjar da ake bayarwa tana da ƙarfi: yaron ƙauye ba shi da kayan sauraro da malamai irin na yaron birni, haɗa makin zalunci ne a kansa. To amma malamin da ya san sashe ba shi da maki, minti nawa zai ba shi a aji? Wanda aka so a kare, shi ne zai isa jami'a da kunne a toshe.

Wasu wuraren sun bi wata hanya. Bayan gyaran da majalisar gudanarwar ƙasar ta sanar a 2014, Shanghai da Zhejiang suka fara ba ɗalibi damar rubuta harshen waje sau biyu, a ɗauki makin da ya fi. Beijing ta mayar da sauraro kan kwamfuta, ana yi a Disamba da Maris, daga 2021 kuma ta haɗa da magana, jimilla maki 50. Lardin Guangdong tun 2011 yake gwajin sauraro da magana ta kwamfuta. Damar biyu tana rage fargabar cewa tari ɗaya ko ƙarar lasifika za ta rushe wahalar shekara goma sha biyu. Sanya wa magana maki kuwa yana tilasta wa makaranta ta sa yara su buɗe baki. Duk da haka giɓin birni da ƙauye yana nan, kuma ana ci gaba da muhawara a can kan ko Turanci ya cancanci maki 150.

Na bakwai: inda abin ya shafe mu

A nan zan taƙaita. A Nijeriya, takarda ta uku ta Turancin WAEC gwajin furuci ce mai tambayoyi 60, amma a rubuce ake yin ta, ba a jin murya ko ɗaya. A Ghana kuwa, ƙarƙashin hukumar guda, ɗalibai faifai suke saurara su amsa. Ashe tambayar da Henan ta sha fama da ita tana ƙofar gidanmu. Yaranmu suna haddace alamomin sauti a takarda, alhali kunnensu bai taɓa rarrabe sautukan ba.

Ba sai mun jira an sauya jarrabawa ba. Malami mai wayar hannu da ƙaramar lasifika zai iya yin shiftar minti goma sau uku a mako. Shugaban makaranta zai iya ware rubu'in awa na karatun safe, ya tanadi akwatin ƙananan littattafai a kowane aji. Iyaye, mu mutanen rediyo ne tun kaka da kakanni. Ku bar yaro ya saurari labaran Turanci na minti biyar, ku ce ya gaya muku abin da ya ji da Hausa. Ku kuma ɗalibai, shafi ɗaya a rana, da littafin kurakurai. Sannan masu tsara jarrabawa su sani cewa duk abin da suka hana wa maki, sun kore shi daga aji.

Jama'a, mu ɗauki naci da tsari da ɗorewa daga Sinawa, mu bar musu tekun tambayoyin da su ma suke neman hanyar fita daga cikinsa. Yaron da aka gina wa kunne da ido zai ci jarrabawa, kuma harshen zai ci gaba da yi masa aiki bayan an manta da makin.

  Yanzu fili naku ne: mai tambaya, ko ƙarin bayani, ko gyara, bismillah, ya ɗaga hannu. Ina fatan ɗalibai za su fara.